BABI NA UKU: TARIHIN KUƊIN SHIGA KALLON ƘWALLON ƘAFA A BIRNIN KUDU DA GWARAM

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, da jama'arsu, da kuma sana'o'in da suka dogara a kai. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihin kuɗin da ɗan kallo ke biya kafin ya kalli wasan ƙwallon ƙafa a waɗannan wurare, tare da duba ko aljihun talaka yana iya ɗaukar wannan kuɗi. Ƙungiyoyin da ake magana a kansu su ne waɗanda wannan nazari ya kira na tsaka-tsaki. Wato sun wuce matsayin yaran unguwa masu buga tamaula don nishaɗi, amma ba su kai matsayin ƙwararru masu albashin wata-wata ba. Ɗan wasa a irin wannan ƙungiya yakan zama tela ne, ko ɗan acaba, ko malamin firamare, ko manomi, wanda idan an ci wasa a ba shi ɗan abin sayen sabulu, idan kuma an faɗi kowa ya kama gabansa.

Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a wannan yanki ba a taɓa gina ƙwallo a kan kuɗin ɗan kallo ba. Tun daga farko akwai wani da ke ɗauke wa ɗan kallo nauyin, sai dai mai ɗaukar nauyin ne ke sauyawa daga zamani zuwa zamani. A lokacin da masu ɗaukar nauyin suka fara gajiya, aka juyo wajen ɗan kallo, sai aka tarar da shi cikin halin da ba zai iya ba.

3.1 Kallo Kafin Zuwan Tikiti

Bahaushe ya daɗe da sanin wasannin motsa jiki masu tara jama'a. Akwai dambe da kokawa da langa, ga kuma sharo na Fulani, waɗanda suke da yawa a wannan yanki. Yawanci da kaka ake yin su, bayan amfanin gona ya zo gida, a dandali ko a bakin kasuwa. A irin wannan taro babu ƙofa, balle a ce za a tsayar da mutum a tambaye shi kuɗi. Wannan bai sa kallon ya zama na banza ba. Mai hali yakan yi wa makaɗi kari idan ya wasa gwaninsa, ko ya ba ɗan damben da ya yi kisa kyauta a bainar jama'a, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da abin da ya bayar. Wanda ba shi da ko anini yakan tsaya ya yi kallonsa har a tashi, babu mai ce masa don me.

Muhimmin abin lura a nan shi ne, biya yana zuwa ne bayan an ga abin da ya burge, kuma gwargwadon ƙarfin mutum, sannan mai biya yana samun suna a madadin kuɗinsa. Tikiti kuwa akasin haka yake ta kowace fuska. Ana biyan sa kafin a ga komai, attajiri da almajiri farashi ɗaya, kuma babu mai jin sunan wanda ya biya. Wannan bambanci ya yi tasiri ƙwarai a kan yadda mutanen karkara suka karɓi al'adar biyan kuɗin ƙofa, kuma za a ga sawunsa har a ƙarshen wannan babi.

3.2 Asalin Kuɗin Ƙofa da Shigowar Ƙwallo Ƙasar Hausa

Domin a fahimci abin da aka kwaikwayo, ya kamata a ɗan leƙa inda al'adar ta samo asali, wato Ingila. A wasan ƙarshe na farko na Kofin Hukumar Ƙwallon Ingila, wanda aka yi a Landan a 1872, sule ɗaya aka biya, kuma kimanin mutum 2,000 ne suka shiga. A 1885 aka halatta biyan 'yan wasa albashi, a 1888 aka kafa gasar lig, sannan a 1890 hukumar gasar ta ƙayyade cewa mafi ƙarancin kuɗin shiga shi ne sisi. Abubuwa uku ne suka haɗu suka sa wannan tsari ya zauna a can. Akwai filaye masu shinge, akwai ma'aikatan masana'antu masu karɓar lada a ƙarshen kowane mako, akwai kuma hutun rabin ranar Asabar. Ma'aikaci na fitowa daga wurin aiki da kuɗi a aljihu, filin ƙwallo kuma yana bayan gidansa. Sule da sisi sun iso ƙasar Hausa tare da Turawa, har sunayensu suka zama Hausa, amma waɗancan abubuwa uku ba su biyo su zuwa karkara ba.

A Nijeriya, wasan farko da aka samu labarinsa a rubuce shi ne wanda aka yi a Kalaba a 1904, tsakanin ɗaliban makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. A Arewa kuwa, ƙwallo ta shigo ta hanyar barikin soja, da ma'aikatan jirgin ƙasa bayan dogo ya iso Kano a 1911, da kuma makarantun boko irin su Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. An fara gasar Kofin Gwamna a 1945, wadda daga baya ta zama Kofin Ƙalubale, kuma Kano ta ɗauki wannan kofi a 1953. A birnin Kano, musamman a Sabon Gari, jama'a sun riga sun saba da yankar tikiti saboda gidajen silima, waɗanda suka fara tun daga Rex a 1937. Don haka biyan kuɗi a ƙofar filin ƙwallo bai zama baƙon abu ga ɗan birni ba.

Birnin Kudu da Gwaram a wancan zamani gundumomi ne a ƙarƙashin Masarautar Kano, masu nisan fiye da kilomita 100 daga birni. Ta hanyar makaranta ƙwallo ta same su. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda ta yaye fitattun mutane da dama, ciki har da Alhaji Aliko Ɗangote a 1978, ta tara ɗalibai daga sassa daban-daban na tsohuwar Jihar Kano, kuma wasanni wani ɓangare ne na tarbiyyar makarantun kwana irinta. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai makarantu suka yawaita har cikin ƙauyuka, kusan kowace da filinta da turakun raga guda biyu. Waɗannan filaye su ne suka zama gidan ƙwallo a yankin. Filin makaranta kuwa na kowa ne. Ta cikinsa ake ratsawa zuwa gona, a gefensa ake kiwon awaki, a cikinsa ake taron siyasa. Ƙwallon ta hukuma ce, rigunan na makaranta ne, alƙalin wasa malami ne da ke da albashinsa. Babu wani kashe kuɗi da zai sa a nemi taimakon ɗan kallo, ko da an nema ma babu katangar da za ta tsare shi.

3.3 Zamanin Ma'aikatu da Gwamnati

Daga shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya wadata, manyan ƙungiyoyin Nijeriya suka kasance a hannun ma'aikatu da kamfanoni da attajirai. An fara gasar lig ta ƙasa a 1972, kuma Raccah Rovers ta Kano ta lashe ta a 1978. A Kano ɗin dai akwai ƙungiyar hukumar ruwa ta WRECA da ta Bankin Arewa. A irin waɗannan ƙungiyoyi, sau da yawa ɗan wasa sunansa na cikin takardar albashin ma'aikata, ko da kuwa aikinsa duka a fili yake. Ana karɓar kuɗin ƙofa, amma ba da shi ƙungiya ke rayuwa ba.

A 1990 aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya. A wannan shekara ce aka haɗe WRECA da Kano Golden Stars da ƙungiyar Bankin Arewa aka samar da Kano Pillars, wadda ta zo ta lashe gasar a 2008, 2012, 2013 da 2014. Manufar gasar ƙwararru ita ce kowace ƙungiya ta tsaya da ƙafarta kamar kamfani. Abin da ya faru kuwa shi ne, yawancinsu sun koma hannun gwamnatocin jihohi. Aka kuma shiga wata al'ada ta cewa idan babban wasa ya zo, sai gwamna ko wani mai riƙe da muƙami ya sanar cewa ya saye tikitin duka, a buɗe ƙofa kowa ya shiga. Jama'a kan yi murna da wannan, kuma ba laifinsu ba ne. Sai dai ya ƙara dasa wa mutane tunanin cewa ƙwallo aikin gwamnati ce kamar rijiyar burtsatse, wanda ya nemi kuɗi a kanta kuwa yana so ne ya ci da gumin talaka.

Ranar 27 ga Agusta, 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, da hedikwata a Dutse, kuma Birnin Kudu da Gwaram suka faɗa ƙarƙashin Masarautar Dutse. Yankin bai rasa manya a sabuwar jiha ba. Gwamnan farar hula na farko, Alhaji Ali Sa'ad, wanda ya yi mulki daga 1992 zuwa 1993, ɗan Birnin Kudu ne, haka ma Alhaji Sule Lamiɗo na Bamaina da ya yi daga 2007 zuwa 2015. Amma ta fuskar ƙwallo, rabuwar ta bar manyan filaye da manyan ƙungiyoyi da kamfanoni a Kano. Sabuwar jiha ta fara ne da neman ofisoshi da gidajen ma'aikata, filin wasa kuwa sai abin da hali ya yi. Ƙungiyar jiha, Jigawa Golden Stars, ta sha hawa da sauka tsakanin rukuni na ɗaya da na biyu. Ta hau babbar gasa a 2019, ta sauko a 2021, kuma a wannan tsakani ta riƙa yin wasanninta na gida a wajen jihar, a Kano da Kaduna. Ga matashin da ke Basirka ko Sara ko Kiyako, kuɗin tikitin irin wannan wasa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafinsa. Kafin ya kai ga ƙofar fili ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya ci abinci, wataƙila ma ya kwana. Ga mafi yawan mutanen yankin, ƙwallon da idonsu ke iya gani a fili ita ce ta ƙungiyoyin garinsu.

3.4 Yadda Ƙungiyoyin Gari Suke Samun Kuɗi

Ƙungiyoyin tsaka-tsaki ba su da ma'aikatar da ke bayansu. Daga cikinsu akwai masu burin shiga rukunin 'yan dagaji na ƙasa, wanda ke ƙarƙashin rukuni na biyu, amma mafi yawa rayuwarsu ta tsaya ne a kan gasannin cikin gari, da na ƙaramar hukuma, da wasannin sada zumunci da garuruwa maƙwabta kamar Dutse da Jahun, ko Ningi ta Jihar Bauci. Duk da ƙanƙantarsu suna da buƙatu. Akwai ƙwallo, da riguna, da takalma, da raga, da ladan alƙalin wasa da mataimakansa, da ruwan sha, da maganin wanda ya ji rauni, sannan uwa uba kuɗin mota.

Idan aka bi diddigin inda wannan kuɗi ke fitowa, za a ga cewa 'yan wasan da kansu ne kan gaba. Su ke yin karo-karo a mako ko a wata, su ke haɗa kuɗin rajistar shiga gasa. Wato ke nan a nan mai wasa ne ke biya domin a kalle shi. Bayan su sai uban ƙungiya, wanda yawanci ɗan kasuwa ne ko babban ma'aikaci ɗan garin. Tun daga dawowar mulkin farar hula a 1999 kuma sai 'yan siyasa suka shigo da ƙarfi. Kansila ko ɗan majalisa ko mai neman takara yakan sa kofi da sunansa, ya sayi riguna masu ɗauke da hotonsa, ya zo ranar wasan ƙarshe ya zauna a rumfa, sanƙira na ta ambaton sunansa a lasifika. Duk wanda ya kwatanta wannan da abin da aka faɗa a 3.1 zai ga cewa tsohon tsarin dandalin dambe ne ya dawo cikin sabuwar riga: mai hali ya biya a faɗi sunansa, talaka ya yi kallo. Aibin wannan hanya shi ne tana bin kalandar zaɓe. Shekarar da zaɓe ya gabato kofuna kan yi yawa har su rasa ranakun bugawa, bayan an rantsar da waɗanda suka ci kuma sai fili ya koma wa awaki.

A cikin irin wannan giɓi ne masu shirya gasa suke gwada karɓar kuɗi daga 'yan kallo. Yawanci ba a yin haka a wasannin farko. Sai an kai wasan kusa da na ƙarshe ko na ƙarshe, ko kuwa wasan bikin Sallah lokacin da 'yan ci-rani suka dawo gida da ɗan abin hannu. Inda makaranta ke da katanga, a kan tsaya a ƙofarta. Inda babu, sai a kewaye da igiya ko zana ko tamfol, ko kuma a jera kujerun haya a ce zama ne na kuɗi, tsayuwa kyauta. Mai wannan nazari ya taɓa kasancewa cikin masu tsaron igiya a wani wasan ƙarshe, kuma abin da ya gani ya isa misali. Dattijo ya zo, ba a iya tambayarsa. Malamin da ya koyar da kai a firamare ya zo, kunya ta hana. Yayan mai tsaron gida ya ce shi ɗan gida ne. Wani ya ce tare yake da mai unguwa. Yara kuwa ta ƙarƙashin igiya suke shigewa kamar ruwa, waɗanda aka kora suka haye bishiyar darbejiya da ke bayan raga, inda suka fi wanda ya biya ganin wasan. Da aka tashi aka ƙirga abin da ke cikin leda, ko ladan alƙalan wasa bai cika ba, ga shi kuma fili ya cika maƙil. A garin da kowa ya san kowa, mai tsaron ƙofa ba zai ɓata da surukinsa saboda kuɗin tikiti ba, domin gobe ma a masallaci ɗaya za su haɗu.

Har ila yau, akwai rabin jama'a da ba a lissafa su tun farko. Matan aure ba sa zuwa filin ƙwallo a wannan yanki, 'yan matan da ake gani kuwa yawanci talla ce ta kawo su, ta gyaɗa ko rake ko awara. Lokacin wasan ma taƙaitacce ne, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, da damina kuma 'yan wasa da 'yan kallo duk suna gona.

3.5 Ƙarfin Aljihun Ɗan Kallo

Ko da an gina katanga an kuma sami mai tsaron ƙofa marar kunya, tambayar da ta rage ita ce, nawa mutum zai iya biya? A nan dole a dubi tarihin naira kanta. An fara amfani da naira da kwabo ranar 1 ga Janairu, 1973 a madadin fam da sule. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne a wata. A 1986 aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, darajar naira ta fara zubewa. Daga nan albashin ya riƙa hawa a takarda: naira 250 a 1991, naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, sannan naira 70,000 a 2024.

Hanya mafi dacewa ta auna waɗannan lambobi a wannan nazari ita ce a gwada su da farashin fetur, tunda mota ce babbar buƙatar ƙungiyar da ke tafiya wasa. A 1991 lita ɗaya kwabo 70 ce, don haka albashin naira 250 na iya sayen lita 357. A 2011 lita naira 65 ce, albashin na sayen kimanin lita 277. A 2019 lita naira 145 ce, yana sayen kimanin lita 207. Bayan janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin ya yi ta tashi har ya kai wajen naira 1,000 a ƙarshen 2024, wato albashin naira 70,000 bai fi lita 70 ba. Ma'anar wannan ita ce, kuɗin kai ƙungiya wasa ya ninka sau biyar idan aka gwada da ƙarfin wanda ake so ya biya a ƙofa. Bugu da ƙari, masu albashin ma 'yan kaɗan ne a yankin. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu na da mutum sama da 300,000, Gwaram kuma sama da 270,000, kuma galibinsu manoma ne da makiyaya da masu ƙananan sana'o'i, waɗanda kuɗi ke zuwa hannunsu da kaka ko ranar kasuwa. A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar game da 2019, an sa layin talauci a kan naira 137,430 a shekara ga mutum ɗaya, wato kimanin naira 376 a rana, kuma kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna ƙasa da wannan layi, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne.

A ɗauki misali na lissafi kawai. A ce an sa tikiti naira 100 a waccan shekara ta 2019. Ga mutumin da ke kan layin talauci, ya ba da fiye da rubu'in abin da zai ci ya sha a ranar. A ce kuma a ƙarshen 2024 an bar tikitin a naira 100 ɗin don tausayi, mutum 300 suka biya ba tare da ko ɗaya ya zame ba. An tara naira 30,000 ke nan, kuɗin lita 30 na fetur, kafin a yi maganar alƙali ko ruwa ko hayar kujeru. Farashin da ɗan kallo zai iya ɗauka bai isa ya riƙe ƙungiya ba, wanda zai riƙe ƙungiya kuma zai bar fili babu kowa sai 'yan rumfa. Tsakanin waɗannan biyu masu shirya gasa suke ta kai-kawo.

Akwai wata matsala da ba a cika lura da ita ba, wato ta canji. A 1991 aka mayar da takardun kwabo 50 da naira 1 suka zama tsaba, aka fito da takardar naira 50. Ta naira 100 ta fito a 1999, ta 200 a 2000, ta 500 a 2001, ta 1,000 a 2005. A hankali tsaba ta ɓace daga hannun mutane, ƙananan takardu ma suka daina sayen komai. Mai tsaron igiya da jama'a suka taso masa ba shi da lokacin ba da canji, saboda haka farashin tikiti dole ya zauna a kan takarda guda. Idan za a ƙara, ba a iya ƙara kaɗan. Daga 50 sai 100, daga 100 sai 200, wato kowane ƙari ninki ne, kuma kowane ninki yana zubar da wani rukuni na 'yan kallo, musamman ɗalibai da almajirai da yaran shago. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, wanda ke da kuɗi a banki ma rasa na hannu ya yi, balle a yi zancen tikiti.

3.6 Gidajen Kallo

Zai zama kuskure a ɗauka daga bayanan da suka gabata cewa matashin Birnin Kudu ko na Gwaram ba ya biyan kuɗi don ƙwallo. Yana biya, sai dai ba a fili ba. Nasarorin Nijeriya a Kofin Afirka na 1994 da gasar Olimfik ta 1996, da komawar Nwankwo Kanu ƙungiyar Arsenal a 1999, sun ja hankalin matasa zuwa ƙwallon Turai. Daga shekarun 2000 gidajen kallo suka bazu har ƙauyukan da ba su da wutar lantarki. Rumfa ce ta kwano ko zana, da bencina, da akwatin talabijin, da janareta, da faifan kama tauraron ɗan'adam.

Mai gidan kallo ya sami abin da mai shirya gasa ya rasa. Yana da bango huɗu da ƙofa ɗaya. Wurin nasa ne, ba na makaranta ba, don haka babu mai ce masa filin na kowa ne. Jama'a sun ga janareta na shan mai a gabansu, sun yarda cewa sana'a ce kamar ta mai shayi, kuma ba a jin kunyar karɓar kuɗin shayi daga suruki. Kayan da yake sayarwa kuma, wato Real Madrid da Barcelona da Manchester United, ba shi ke biyan su albashi ba. Saboda haka ɗan kuɗin da matashi ya ware don ƙwallo a mako yakan ƙare a gidan kallo. Masu shirya wasannin gari sun san da haka, shi ya sa suke kauce wa sa wasa a yammacin da manyan ƙungiyoyin Turai za su kara.

Abin mamaki shi ne, a can inda ake buga ƙwallon da ake kallo a allo ma rigimar farashi ba ta ƙare ba. A watan Fabrairu na 2016 dubban magoya bayan Liverpool suka fice daga fili a minti na 77 don nuna ƙin amincewa da tikitin fam 77, har masu ƙungiyar suka janye ƙarin. A shekarar ce kuma aka ƙayyade cewa tikitin magoya bayan baƙi a babbar gasar Ingila kada ya wuce fam 30. Bambancin shi ne, a Ingila ƙungiyoyi ne masu arziki ke neman ƙari daga magoya baya, a Gwaram kuwa mai nema da wanda ake nema a wurinsa duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

3.7 Batun Katanga

A duk lokacin da aka tattauna wannan matsala da masu harkar ƙwallo a yankin, maganar da ta fi fitowa ita ce a gina filaye masu katanga. Suna da hujja, domin katanga na kare alƙalin wasa daga fushin 'yan kallo, tana hana dabbobi da masu babura ɓata fili, kuma sai da ita ƙungiya za ta iya karɓar baƙuncin wasannin manyan rukunoni. A ra'ayin mai wannan nazari, katanga za ta magance matsalar tsaro, amma ba za ta ƙara ko kwabo a aljihun wanda ke wajenta ba. Waɗanda za ta fara tsarewa su ne yaran da ke kan darbejiya, kuma daga cikinsu ne ƙungiyoyin ke samun 'yan wasan gobe, tunda babu wata makarantar koyon ƙwallo da ta wuce tsayawa a bakin layi ana ɗauko wa manya ƙwallo idan ta fita.

Masu shirya gasa da suka daɗe a harkar sun gano wata hanya da kansu, ba tare da wani ya rubuta musu ita ba. Sukan sa kuɗi a kan kujera da inuwar rumfa, su bar tsayuwa a rana kyauta ko a kan abu kaɗan. Sukan kira sunan wanda ya ba da gudummawa a lasifika, ko da kuwa buhun ruwan leda ya kawo. Sukan karɓi wani abu daga masu sayar da rake da tsire da suka kafa teburi a bakin fili. Inda aka tsare ƙofa sosai kuma, da an dawo daga hutun rabin lokaci sai a kwance igiya, waɗanda suka yi ta leƙe tun la'asar su shigo su ga ƙarshen wasa da miƙa kofi.